WASAN KWAMFUTA MAI WASA ƘWAƘWALWA: ABIN DA NA KOYA DA WAƊANDA NAKE SO KU GWADA

Na san da yawa daga cikinmu, da zarar an ce wasan kwamfuta ko na wayar hannu, abin da ke faɗo musu a rai shi ne ƙwallon ƙafa, ko tseren motoci, ko harbe-harbe. Haka ma iyayenmu da malamanmu suka ɗauke shi, shi ya sa suke kallon abin baki ɗaya a matsayin shiririta. Ba zan ce ba su da gaskiya ba. Amma akwai wani iri na daban wanda ba a cinsa da saurin yatsa, sai da lura da haƙuri. A kansa nake so in yi bayani, in faɗi asalinsa, da abin da ya same ni a cikinsa, da yadda ake bi da shi, sa'an nan in ambaci waɗansu da na ga sun cancanci a gwada.

Mene ne wannan wasa?

Wasa ne da ake saka mutum cikin labari, a ajiye shi a wani wuri da bai sani ba, ko tsibiri, ko kogo, ko tsohon gida. Ƙofofi a kulle suke, na'urori sun tsaya, kuma ba mai gaya masa abin da zai yi. Aikinsa shi ne ya zaga, ya duba, ya tsinci abin da ya gani, ya yi tunanin wane abu ne ya dace da wane. In ya warware matsala ɗaya, sai hanya ta buɗe, labari ya ci gaba, ya tarar da wata matsalar a gaba. Watau dai tatsuniya ce aka haɗa ta da kacici-kacici, sai dai a nan kai ne gwarzon tatsuniyar, kuma labarin ba ya motsawa sai ka ba da amsa.

Kowa ya san wasa ƙwaƙwalwar nan ta mutumin da zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin harawa, alhali kwalekwalensa abu ɗaya kaɗai yake ɗauka ban da shi. In ya bar kura da akuya, ta cinye ta; in ya bar akuya da harawa, ta cinye ta. Sai ya yi sawu 7 kafin ya gama, kuma sirrin shi ne ya yarda ya komo da akuya baya bayan ya riga ya ƙetarar da ita. To, wanda ya taɓa jin daɗin gano wannan da kansa, ya riga ya san ɗanɗanon wasan da nake magana.

Asalinsa

A ƙasar Amurka aka fara shi. Wani masanin kwamfuta mai suna Will Crowther, wanda yake sha'awar shiga kogunan duwatsu, shi ya rubuta na farko wajen shekarar 1976, domin 'ya'yansa mata su samu abin wasa. Ya tsara shi bisa wani babban kogo na gaske da ke jihar Kentaki. A 1977 wani ɗalibin jami'a, Don Woods, ya faɗaɗa shi. Sunansa Colossal Cave Adventure. Ba hoto ko ɗaya a cikinsa, sai rubutu. Kwamfuta ta bayyana maka inda kake, kai kuma ka buga mata umarni da kalma ɗaya ko biyu, kamar ka ce ɗauki fitila, ko nufi arewa. Akwai wani wuri a cikinsa mai hanyoyi masu kama da juna, inda mutum kan ɓace. Dabarar da masu wasan suka gano ita ce su riƙa yar da kayansu ɗaya-ɗaya a kowane ɗaki don su bambanta shi da sauran, suna zana taswira a takarda. Tun daga ranar farko ke nan, takarda da fensir suna cikin kayan wannan wasa.

A 1980 Roberta Williams da mijinta Ken suka fito da Mystery House, wanda aka sa wa zane-zane. A 1990 aka yi The Secret of Monkey Island, labarin wani saurayi da ya nace sai ya zama ɗan fashin teku. A cikinsa ko faɗan takobi da baki ake cinsa, kowace baƙar magana da amsar da ta dace da ita, sai ka koya ka riƙe. Sa'an nan a 1993 waɗansu 'yan'uwa biyu, Rand da Robyn Miller, suka fito da Myst a kan faifan CD. An sayar da miliyoyinsa, ya kuma riƙe kambin wasan kwamfuta mafi kasuwa har shekarar 2002. Daga baya wayar hannu ta zo, irin wannan wasa ya shigo aljihun mutane.

Abin da ya same ni

A wani dogon hutu yayana ya dawo daga jami'a da wani wasa a wayarsa mai suna Machinarium. Wani ƙaramin kamfani ne na Jamhuriyar Cek, Amanita Design, ya yi shi a 2009. Labarin wani ɗan mutum-mutumi ne na ƙarfe, Josef, wanda aka jefar a juji gunduwa-gunduwa. Aikin farko shi ne ka harhaɗa jikinsa, sa'an nan ka mai da shi birni ya ceci ƙawarsa daga hannun waɗansu 'yan ta'adda. Ba kalma ko ɗaya a cikin wasan, in suna magana sai a nuna hoton abin da suke nufi. Saboda haka rashin Turanci ba ya hana kowa.

Na harhaɗa Josef ban sha wuya ba, har na fara jin kaina. Da na iso ƙofar birni sai mai gadi ya ƙi sauke mini gada, domin 'yan sanda kaɗai yake bari su wuce. Na yi kwana biyu ina danne-danne ban ci gaba ba. Na tambayi Yaya, ya yi dariya ya ce, "Kai dai duba abin da ke gabanka." Haushi ya kama ni, na faki idonsa na shiga intanet, na kalli bidiyon wani da ya gama wasan. Ashe wani abu mai tsini kamar mazurari, irin wanda ake jerawa a titi, shi zan rina da fenti in ɗora a ka, in sa ƙwan fitila a bisansa, in kuma miƙar da jikin Josef ya yi tsawo, sai mai gadi ya ɗauka ɗan sanda ne. Duk kayan suna nan a gabana tun farko.

Na wuce ƙofar, amma ban ji wani daɗi ba. Abin da ya fi muni, daga ranar, ko minti biyar na yi ban ga hanya ba sai in koma wa bidiyon. Ina ta cin gaba da sauri, amma in da za a tambaye ni dalilin da ya sa na yi abu kaza, ba ni da amsa. Na zama ɗan aike, wani ya yi tunani ni kuma ina danna allo.

Ana nan sai na iso wani wuri inda dole in kara da wani mutum-mutumi a wani wasa mai kama da dara. Kowa na saka nasa bi da bi, wanda ya fara jera 5 a layi ɗaya shi ya ci. A nan bidiyo ya kasa mini amfani, domin da na kauce ko sau ɗaya daga abin da na gani, sai tsarin ya rikice, ba ni kuma da abin komawa. Ya cinye ni ya fi sau ashirin. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Wata rana da la'asar ina zaune kusa da kakana a ƙofar gida ina ta tsaki. Shi kuwa tsohon gwanin dara ne, irin ta gurbi 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu. Ya ce, "Kai abokina, da wa kake faɗa a cikin wannan gilashi?" Na nuna masa. Ya kalli karawa biyu bai ce komai ba, sa'an nan ya ce, "Kai naka kaɗai kake kallo, ba ka kallon nasa. Kuma hanya ɗaya kake ginawa, yana toshewa. Mai dara ba ya cin gida da hanya ɗaya. Gina biyu a lokaci guda, hannu ɗaya gare shi." Na ce, "Kaka, to ina zan sa?" Ya ce, "Wannan kuma naka ne."

Na ɗauko takarda na ja layuka, na yi ta gwada yadda layi biyu za su haɗu a gurbi ɗaya, ta yadda in na saka a wurin, in ya toshe wannan, wancan ya cika. Washegari na cinye shi. Tsallen da na yi har ƙannena suka fito suna tambaya ko lafiya. Wannan ci guda ɗaya ya fi mini duk ƙofofin da na wuce da satar amsa. Na share wasan na faro daga farko, ban sake buɗe bidiyon ba.

Da muka koma makaranta sai na lura da wani abu da ya ba ni kunya. Yadda na yi da bidiyon, haka na daɗe ina yi da littafin lissafi. In an ba mu aikin gida, sai in buɗe bayan littafi in ga amsa, in ƙirƙiri hanyar da za ta kai ni can. Littafina cike da alamar daidai, amma a jarrabawar zangon da ya gabata maki 38 na ci cikin 100, domin a zauren jarrabawa ba bayan littafi. Ba na cewa wasa ya koya mini lissafi, Malam ne ya koya mini. Abin da wasan ya koya mini shi ne in iya zama da matsala na rabin sa'a ban gudu ba, kuma da wannan na fita daga sahun masu faɗuwa.

Yadda ake bi da shi

Ga ƙa'idoji biyar da na tsara wa kaina, ko za su yi wa wani amfani.

Na farko, duba kafin ka taɓa. In ka shiga sabon wuri, tsaya ka ƙare masa kallo. Masu tsara waɗannan wasanni ba kasafai suke ajiye abu a banza ba. Zane a bango, ko lamba a jikin ƙofa, ko ƙarar da ke maimaita kanta, sau da yawa amsar wata matsala ce da ke can gaba.

Na biyu, ajiye littafin rubutu. Zana taswira, kwafi alamomi, rubuta ƙofar da ta ƙi buɗuwa da abin da take nema. Abin da ka gani ran Litinin, ba lalle ka tuna shi ran Alhamis ba.

Na uku, tambayi kanka abin da ake nema, ba abin da za ka danna ba. Kuskurena a ƙofar birni shi ne ina neman yadda zan sauke gada, alhali tambayar ita ce, wa mai gadi yake bari ya wuce, kuma da me yake gane shi?

Na huɗu, in ka cije, tashi ka bar shi. Je ka yi aike, ko ka kwanta. Sau da yawa amsa ta zo mini ina ɗiban ruwa ko ina wanki. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Na biyar, in dole sai ka nemi taimako, nemi nuni, kada ka nemi amsa. Abin da Kaka ya yi mini ke nan. Aboki nagari a wannan wasa shi ne wanda zai ce maka koma ɗakin baya ka sake dubawa, ya yi shiru.

Waɗanda nake so ku gwada

Ga mai farawa, Monument Valley ya fi dacewa. Wani kamfani na birnin Landan ne ya yi shi a 2014, kuma a waya ake yinsa. Kana jagorantar wata gimbiya, Ida, cikin gine-gine masu ruɗin ido. In ka juya gini, matakala biyu da ke nesa da juna sai su zama kamar sun haɗu, kuma da zarar ido ya ga sun haɗu, ta iya takawa. Babi 10 ne a na farkon, ana iya gamawa cikin 'yan sa'o'i. Yana koya wa mutum cewa in hanya ta toshe, wani lokaci inda kake tsaye za ka sauya.

Sai The Room, na wani kamfanin Ingila, 2012. Akwati ne ake ajiye maka, mai makullai da aljihunan ɓoye, in ka buɗe shi ka tarar da wani a ciki. Duk mai son kwance rediyo ya ga abin da ke cikinta zai ji daɗinsa.

Machinarium kuwa na riga na ba da labarinsa. Ku yafe mini tona asirin ƙofar birni, sauran matsalolin da yawa suna nan suna jiranku.

Mai son lissafi ya nemi jerin wasannin Professor Layton na ƙasar Japan, waɗanda aka fara a 2007. Wani farfesa ne da almajirinsa ke binciken al'amura masu ɗaure kai, kuma kusan duk wanda suka tara sai ya ba su kacici-kacici. A na farkon har akwai ɗan'uwan matsalar kura da akuya, sai dai su kyarkeci 3 ne da 'yan tsaki 3 za a ƙetarar.

Wanda yake da kwamfuta a gida ya gwada Myst. Za ka samu kanka a tsibiri ba kowa, sai littattafai biyu, ja da shuɗi, kowanne da mutum a kulle a ciki yana roƙonka ka cece shi, kada ka yarda da ɗan'uwansa. Na biyunsa, Riven, na 1997, ya fi shi wuya. Mutanen cikinsa suna da nasu lambobin, kuma ƙidayarsu a kan 25 take juyawa, ba a kan 10 irin tamu ba. Ba wanda zai karantar da kai. A wani ɗakin karatun yara za ka tarar da abin wasa, daga shi za ka gano lambobin da kanka.

Mai sha'awar harsuna, kamar 'yan ƙungiyar Hausa ta makarantarmu, ga Chants of Sennaar, wanda aka yi a Faransa a 2023. Wata doguwar hasumiya ce, kowane hawa da jama'arsa da harshensu, ba mai jin na wani. Kana lura da alamomin da ke jikin ƙofofi da abin da mutane ke yi in sun furta su, kana rubuta zatonka a littafi, har ka iya yi musu tafinta. A nan na fara gane cewa kowane harshe da yadda yake jera kalmominsa, da yadda yake nuna jam'i.

Akwai kuma The Witness na Jonathan Blow, 2016, mai matsaloli fiye da 500, dukansu jan layi ne a kan allo daga mafari zuwa maƙura. Ba a rubuta ƙa'ida ko ɗaya ba, daga masu sauƙi kake gano dokar da za ta yi maka aiki a masu wuya.

Na ƙarshe, Return of the Obra Dinn na Lucas Pope, 2018. Wani jirgin ruwa ne ya ɓace a 1803 da mutum 60, ya dawo a 1807 ba mai rai a ciki. Kai ma'aikacin inshora ne, aikinka ka gano sunan kowa da abin da ya same shi, ta hanyar lura da tufafinsa, da harshensa, da aikin da yake yi a jirgi. Wasan ba ya tabbatar maka da amsa sai ka samu uku daidai, domin kada ka yi ta cinke. Amma in faɗi gaskiya, akwai mace-mace a cikinsa, bai dace da ƙananan yara ba, kuma yana bukatar Turanci.

Gargaɗi

Kada in yi ta yabo in ɓoye aibi. Wannan wasa yana cin lokaci fiye da yadda mutum ke zato, domin kullum ji kake saura kaɗan. Ni kaina na taɓa kaiwa ƙarfe biyu na dare a kansa, na makara da safe, aiken da Baba ya ba ni ya lalace. Bai yi dogon faɗa ba, ya karɓe wayar daga hannun Yaya ya kulle ta mako biyu, ya zama laifina ya shafi wanda bai ji ba bai gani ba. Tun daga nan na yanke wa kaina doka: sai lokacin hutu, sai na gama aikin gida, kuma ba ya wuce sa'a ɗaya a rana. Haka nan yawancin waɗannan wasanni sayar da su ake yi, kada wani ya taɓa kuɗin makarantarsa ko na littafi saboda su. Dokar makaranta game da riƙe waya kuwa, tana nan daram, ban ce kowa ya karya ta ba.

Wanda ba shi da waya ko kwamfuta kuma kada ya ga kamar an bar shi a baya. Dara tana nan a ƙofar gida, kacici-kacici yana bakin tsofaffi, littafin lissafi kuma cike yake da ƙofofi a kulle. A hutu mai zuwa, duk wanda ya samu dama ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗanda na lissafa, ya sayi ƙaramin littafin rubutu, ya yi wa kansa alkawarin ba zai leƙa amsa ba har ya gama. In mun dawo sai mu gwada littattafanmu, mu ga wanda taswirarsa ta fi kyau.

Allah ya ba mu sa'ar karatu, amin.